Kakar da Ba a Faɗa Wa Ba

Shafi na 14

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Ke kuma da kika ce in na sake sa ki kuka za ki fita daga gurup, 'yar'uwa ki nemi hankici tun yanzu, ni babu ruwana.

*

Ana buga ƙararrawar tashi, wato tsohon ƙarfen tayar motar nan da aka rataye a bishiya, ajin ya watse kamar an buɗe wa awaki ƙofa. 'Yan ƙauye da baƙinsu 'yan birni suka cakuɗe a bakin ƙofa, kowa yana son ya riga fita.

Kwana huɗu ke nan da motar makarantarsu ta tsallaka iyaka ta sauke su a wannan ƙauye, su goma sha biyu da malaminsu, don su yi kwana goma su ga yadda 'yan makarantar karkara suke rayuwa. Sun ja ruwa a rijiya har tafin hannunsu ya yi bororo. Sun zauna mutum huɗu a benci ɗaya, littafi ɗaya a tsakiya. Sauran duk sun fara ƙirga kwanakin komawa gida.

Agogo kaɗai ce ba ta ƙirgawa.

Shekararta goma sha huɗu. Agogon hannun mamanta da ba ta rabuwa da shi ne ya jawo mata sunan, har malamai ma da shi suke kiranta. Tunda suka sauka take bin fuskokin matan garin da kallo. Kuma duk wanda ya buɗe baki sai ta waiwaya, don yadda suke jan ƙarshen magana haka Mama take ja. Gari guda yana magana da bakin Mama, ita kuwa Mama shekara uku ke nan tana ƙarƙashin ƙasa.

Agogo ta rataya jaka ke nan ta ji an ce,

"Ke mai agogo, tsaya."

Malamar lissafi ce, doguwar matar nan ta makarantar ƙauyen da tun ranar farko ba ta yarda su haɗa ido.

Rediyo, ƙawar Agogo da bakinta ba ya hutawa, ta zaro ido.

"Me kika yi? Wallahi in a kan jingar nan ne ni ma ban yi ba."

"Ke jeki," in ji malamar. "Yanzu za ta zo."

Rediyo ta fita tana waige. Malamar ta tura ƙofar da ƙafa, ta tokare ta da dutse, don ba ta da sakata. Ta koma bayan teburinta ta tsaya. Hannunta duk farin alli.

"Wa ya ba ki agogon nan?"

"Na mamana ne."

"Na san na wace ce. Duba gefen gilashin, wajen ƙarfe huɗu. Akwai tsaga."

Agogo ba ta duba ba. Ta san tsagar kamar yadda ta san tafin hannunta.

"Ni na fasa shi," in ji malamar. "A bakin rijiyar da kuka ja ruwa jiya. Na ɗauka ba da saninta ba, don in yi wa ƙawayena yanga. Kwana uku ba ta yi min magana ba."

Jakar ta zame daga kafaɗar Agogo ta faɗi ƙasa.

"Ke ce..."

"Ni ce ƙanwarta. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Shekara uku Agogo tana tsara wannan rana a ranta. A tsarinta, ana faɗin haka sai a rungume ta, a yi ta kuka, wani ya ruga ya kira dangi. Amma matar nan ko motsi ba ta yi ba. Ta dafe teburin da hannu biyu kamar wadda za a ƙwace wa shi.

"Babanki ya san nan kika zo?"

"Ya san ƙasar. Bai san garin ba."

"Ke ya aka yi kika sani?"

"A takardar gama firamaren Mama na gani. Tana cikin akwatin da Baba ya kulle. Da aka liƙa sunayen ƙauyukan da za a je, sai na ga sunan. An sa ni a wani rukuni, na yi sati biyu ina bin Malam har ya mayar da ni nan."

Malamar ta rufe ido.

"Taurin kan ma nata ne."

"Inna." Karon farko ke nan da kalmar ta fita daga bakin Agogo, sai ta ji ta yi mata nauyi. "Kin san ta rasu?"

"Na sani."

"Shekara uku."

"Da wata biyu."

"Kin sani?" in ji Agogo. "Kin sani, ba ki zo ba? Ba wanda ya zo! Gida ya cika da dangin Baba, ko mutum ɗaya babu mai kama da ita. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina kallon duk motar da ta tsaya. Na ce ko ba su ji ba ne. Na ce ko hanya ce ta yi nisa. Har cewa na yi ko duk kun mutu!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Kwana huɗu kina koya min lissafi kina kallon allo!"

"In na kalle ki ba zan iya tsayuwa ba," in ji Inna. "Ranar farko da aka ce ki tashi ki karanta, ina bayan taga. Na ɗauka Yaya ce ta dawo. Sai da na zauna a ƙasa."

Ta jawo kujera ta zauna.

"Zauna, ki ji."

Agogo ta zauna a bakin benci, nesa da ita.

"Ranar da babanki ya kira, kwana tara ke nan da binne kakanki. Kin ji? Tara. Tsohuwa tana kwance, hawan jini ya riga ya tafi da idonta, likita ya ce ko faɗuwar kwano kada a bari ta ji. Na sauko daga tudu da waya a hannu, na shiga ɗakin. Ta ce min, 'Me yayarki ta ce? Yaushe za ta zo ta yi min gaisuwa?' Na buɗe baki. Sai na ji na ce, 'Ta ce aiki ya riƙe ta, tana nan tafe.'"

Agogo ta ɗago kai a hankali.

"Tsohuwa wa?"

"Kakarki."

"Tana da rai?"

"Tana nan. Gidan da ke bayan injin niƙa, mai ƙofar langa-langa. Sau biyu kuka wuce ta gabansa."

"Kuma..."

"Kuma ba ta sani ba. Har yau."

A waje ana jin yara suna buga ƙwallon tsumma, wani yana ihun an yi masa ƙeta.

"Na ce in ta ji sauƙi zan faɗa," Inna ta ci gaba. "Ta ji sauƙi, na ce bari ta ƙara ƙarfi. Wata ya zama shekara. Kin ga garin nan waya ba ta kamawa sai a kan tudu, ita kuwa ba ta iya hawa. To duk ƙarshen mako sai in hau, in zauna a kan dutse in yi kukana, in share fuska, in sauko da saƙo."

"Saƙon wa?"

"Na Yaya. Ni nake ƙirƙira. An ƙara mata girma a wajen aiki. Ta yi mura ta warke. Ta ce a gaishe da maƙwabta." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ke ma kina ciki. A wajen kakarki sau biyu kina zuwa na ɗaya. Bara kin karye a hannu, kin warke."

"Ban taɓa zuwa na ɗaya ba."

"To, a nan kin zo. Ƙani ne dai ban yi miki ba. Nan na ji tsoron Allah."

Dariya ta so ƙwace wa Agogo, sai ta fito a kuka. Ta danne bakinta da bayan hannu.

"Shi ya sa ba ki neme ni ba?"

"Na roƙi babanki ya taya ni rufewa. Ya ce shi ba zai yi wasa da mutuwar matarsa ba, in ban faɗa ba kada in sake kiransa. Bai yi ƙarya ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Amma in na zo gaisuwa, me zan ce wa tsohuwa na je yi? In na kawo ki, me za ki ce mata? Sai na zaɓa. Na zaɓi wadda take gabana." Ta dubi Agogo, karon farko ido cikin ido. "Ban ce na kyauta miki ba."

Agogo ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta karkaɗe ƙurar.

"Ina son in gan ta."

"A'a."

"Saura kwana shida mu tafi."

"Na sani. Ni ma ƙirga su nake."

"To zan je da ƙafata. Bayan injin niƙa, ƙofar langa-langa."

Inna ta miƙe tsaye.

"Ki kashe min ita? Abin da ya kawo ki ke nan?"

"Ba zan faɗa ba! Wallahi ba zan faɗa ba. Gani kawai. Inna, ko hotonta ban taɓa gani ba. Mama takan ce hannunta irin nata ne. Hannun kawai zan gani."

Inna ta juya baya. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge allon da tuni an goge shi. Ta daɗe tana gogewa.

"Minti goma," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba. "Zan ce ɗaya daga cikin yaran baƙi ce ta rako ni da littattafai. Ba za ki yi magana ba. Ko sallama. Ko tari. Idonta ne ya tafi, kunnenta yana jin tafiyar tururuwa. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Cire agogon ki sa a jaka. Tana laluben hannun mutane."

*

Inna ta leƙa ta ce wa malaminsu za ta ari ɗalibarsa ta ɗaukar mata kaya. Rediyo ta ce ita ma za ta bi, aka ce ta zauna, ta zauna tana ƙunƙuni.

Suka bi ta bayan lambun makaranta. Rana ta karya, mata suna dawowa daga gona da itace a ka. Duk wadda suka gamu da ita sai ta gaida malama, ta dubi yarinyar, ta sake dubanta. Inna ta ƙara sauri.

Agogo tana rungume da littattafan jinga talatin a ƙirjinta, tana kallon ƙasa. Nan Mama ta taka. Wannan katangar ta san Mama. Wancan dutsen, wataƙila ta taɓa zama a kai ta cire ƙaya. Mama ta tafi karatu wata ƙasa, ta yi aure can, kullum tana cewa "baɗi za mu je gida". Baɗin ne bai zo ba.

Ƙofar langa-langar ta yi ƙara da Inna ta tura.

Tsakar gida ce 'yar ƙarama, a share tas. Akuya ɗaure a turke, kaji uku, igiyar shanya. A inuwar bishiyar da ke tsakiya wata tsohuwa tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Ba ta kallon abin da take yi. Fuskarta tana sama, kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

Agogo ta dubi hannun.

Dogayen yatsu. Babban yatsa mai lanƙwasa baya. Har yadda take karkaɗe ɓawo daga cinyarta, sau biyu, da bayan hannu.

Agogo ta ciji leɓenta har ta ji ɗanɗanon jini.

"Kin yi yamma yau," in ji tsohuwar. "Kuma ƙafa huɗu na ji."

"Ɗaya daga cikin yaran baƙin nan ce, Umma. Ta ɗauko min littattafai."

"Baƙin da aka ce sun ga akuya sun ruga? Sannu, yarinya. Ya garin namu? Sauro ya bar ku kun yi barci?"

Agogo ta ƙara ƙanƙame littattafan.

"Ba ta da baki ne?"

"Kunya gare ta."

"'Yar birni da kunya? Yau na ji sabon abu." Tsohuwar ta ture farantin gefe, ta daki tabarmar kusa da ita. "Matso nan, ba na cizo. Haƙoran ma sun ƙare."

"Matso nan, ba na cizo." Haka Mama take cewa in ta yi laifi ta laɓe a bayan ƙofa. Da wannan muryar, da wannan jan ƙarshen. Ashe aro ta yi.

Ta ajiye littattafan. Ta durƙusa a bakin tabarmar. Inna tana girgiza mata kai, ba ta gani ba.

Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Kai, sun sa ku jan ruwa. Ji hannu duk ya kumbura." Ta shafa tafin, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo babban yatsa sai ta tsaya. Ta lanƙwasa shi baya. Ta sake lanƙwasawa.

Hannun ya hau zuwa kafaɗa, zuwa wuya, zuwa kunne. Ya shafi goshi. Ya gangaro kumatu ya tarar da su a jiƙe.

"Wa ya taɓa ki kike kuka?"

"Umma, bari ta tafi, malaminsu yana jira..."

"Yi min shiru. Ke yarinya, 'yar wace ce ke?"

Agogo ta yi ƙoƙari. Allah ya sani ta yi. Amma abin ya fi ƙarfinta.

"Kaka."

Farantin gyaɗar ya kife. Kaji suka yo kansa, ba wanda ya kore su.

"Sake faɗa."

"Kaka..."

Tsohuwar ta fizgo ta jikinta da ƙarfin da ba wanda zai ce tana da shi. Ta cusa hancinta a wuyan yarinyar tana shaƙa, tana shafa bayanta, tana kiran sunan Allah. Zaninta yana ƙamshin hayaƙi da sabulu. Agogo ta saki jiki, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da gida ya cika da mutane.

Inna tana tsaye, fuskarta ta yi fari kamar allin hannunta.

"Dama... dama so muka yi mu ba ki mamaki, Umma," ta ce da sauri. "Yaya ce ta ce kada a faɗa miki. Ko ba haka ba, 'yata?"

Agogo ta ɗaga kai, sannan ta tuna ba a ganinta.

"Haka ne."

"Ja'irai," in ji Kaka tana dariya, hawaye yana bin tamojin fuskarta. "Kwana huɗu jikata tana gari ana ba ta abincin makaranta! Tsaya in ji tsawonki. Kai! Kin fi uwarki. Wane hannun ne ya karye?"

Agogo ta dubi Inna. Inna ta taɓa hagunta.

"Na hagu."

"Ya warke sarai?"

"Ya warke."

"Ita kuma uwar taki? Mai aikin da ba ya ƙarewa?"

Agogo ta kama gefen tabarma.

"Tana... tana gaishe ki."

"Ina amsawa," in ji Kaka a hankali. Ta shafa kan yarinyar. Sai ta juya fuskarta wajen Inna. "Ke kuma kin tsaya min a ka kamar sandar lantarki. Baƙuwa ta zo ko ruwa ba a ba ta ba. Jeki shago ki sayo mata lemo mai sanyi."

"Akwai ruwa a ɗaki, Umma."

"Na ce lemo. 'Yar birni ce. Kuma ba shagon kusa ba, nasa kullum da ɗumi. Na bakin kasuwa."

"Umma, minti goma na ce wa malaminsu..."

"Malaminsu ya haife ta ne? Jeki."

Inna ta dubi Agogo, kallon roƙo, ta ɗora yatsa a leɓe. Ta ɗauki jakarta. Ƙofar langa-langar ta yi ƙara.

Kaka ta karkata kai tana sauraro. Ta jira. Dariyar nan ta sauka daga fuskarta a hankali, kamar an sauke labule.

Ta riƙo hannayen Agogo duka biyu, ta rage murya.

"Ƙanwar uwarki yarinyar kirki ce. Amma ba ta iya ƙarya ba, tun tana ƙarama."

Agogo ta ɗago ta dube ta.

"Uwarki ba ta taɓa aiko min da saƙo ba tare da ta tsokane ni ba. Sai ta ce in rage faɗa, sai ta ce in daina ɓoye sukari a ƙarƙashin filo. Shekara uku ke nan ina karɓar gaisuwa mai ladabi. 'Ta ce a gaishe ki, ta ce Allah ya ƙara lafiya.' Wannan ba 'yata ba ce. Kuma duk ranar da waccan ta sauko daga tudu, muryarta a dushe take."

"Kaka..."

"Na yi shiru ne saboda ita. Ƙaryar nan ce take riƙe da ita a tsaye. In na ce na sani, faɗuwa za ta yi, ni kuwa ba ni da idon da zan ɗaga ta." Yatsunta suka ƙara matsewa. "Amma ba ni da wanda zan tambaya. Shekara uku, ba ni da wanda zan tambaya. Ke kina wajen?"

"Ina wajen."

"To faɗa min tun kafin ta dawo. Ta sha wuya? Ta kira ni?"

Agogo ta buɗe baki.

A bayansu wani abu ya faɗi ƙasa, tim.

Ta waiwaya. Jakar Inna ce. Ita kuma tana tsaye a cikin gida, bayanta jingine da ƙofar da ta buɗe ta rufe ba tare da ta fita ba.

Kaka ta ɗaga kai.

"Wane ne a nan?"